Rigar Kanti Ko Yadin Tela: Akwatin Wasa Da Kwamfuta A Kan Ma'auni

(Jawabin da aka gabatar a gaban ɗalibai da matasan ma'aikata a Mahuta, Kaduna)



Sa'ad da aka sanar da mu cewa abin da ake so mu yi magana a kansa shi ne wasan bidiyo, watau abin nan da yara ke kira gem, sai da muka yi jim. Mun san ba za a rasa mai cewa ba, duk matsalolin da suka dabaibaye ƙasa, ga tsadar hatsi ga rashin aikin yi, a ce an rasa abin da za a tara masu ilmi a kansa sai wasan yara? To, mai wannan magana muna roƙonsa ya fito da yamma ya bi hanya tun daga Sabon Tasha har ya iso nan Mahuta, ya riƙa leƙa ƙananan shagunan nan masu labule a ƙofa da janareto a waje. Zai tarar da samari cunkus a kan benci, biyu na riƙe da hannun wasa, goma na jiran layi, kowa idonsa a kan talabijin. A cikinsu akwai ɗan sakandare, akwai ɗan jami'a, akwai mai yi wa ƙasa hidima, har da magidanci. Abin da ya ci sa'o'in matasanmu da kuɗin aljihunsu haka, lalle ya isa a zauna a dube shi da idon basira.

Gardamar da ke gabanmu tsohuwa ce a tsakanin ma'abota wannan wasa. Akwai akwatin wasa, irin su PlayStation na kamfanin Sony, da Xbox na Microsoft, da Switch na Nintendo, wanda ba a ƙera shi don komai ba sai don wasa. Akwai kuma kwamfuta, wadda ake rubutu da lissafi da ita, ake kuma wasa a kanta. Masu akwati suna tinƙaho da sauƙi: ka jona, ka kunna, ka hau wasa. Masu kwamfuta kuwa suna tinƙaho da 'yanci, domin su suna iya buɗe cikin wasan su sāke masa fasali, su ƙara abin da babu, su cire abin da ba su so. Turawa suna kiran wannan aiki mod, mu kuwa a wannan zama za mu kira shi kwaskwarima.

In muna son misali daga gida, akwatin wasa kamar rigar kanti yake. Ka shiga, ka biya, ka sa, ka fita, ba awo ba jiran tela. Amma in hannu ya yi maka tsawo ko wuya ya matse, haka za ka haƙura. Kwamfuta kuwa yadi ce. Sai ka nemi tela, ko ka koyi ɗinkin da kanka, wata rana a ɓata maka yadin ɗungum, amma ran da aka dace, rigar taka ce, daidai jikinka, da irin aikin wuyan da ranka ke so.

Bari mu fara ba akwati haƙƙinsa, don kada a ce mun zo da son zuciya. Mu ɗauki mai gidan gem a nan unguwa. Jarinsa talabijin uku ko huɗu, akwati ga kowace, hannaye bibbiyu, benci, fanka da janareto. Abokan cinikinsa ba su zo koyon komai ba, sun zo ne su buga ƙwallo na minti goma su biya su tashi. Idan ya ajiye kwamfuta, kafin la'asar wani yaro ya taɓa abin da bai kamata ba, wasan ya ƙi tashi, ciniki ya tsaya. Akwati ba ya ba da wannan ƙofa. Daɗin daɗawa ga batun wuta. Tsohon PlayStation 2 ba ya shan wutar da ta kai wat 50, PlayStation 5 yana shan kimanin wat 200 in ana cikin wasa, alhali babbar kwamfutar wasa mai ƙarfin katin hoto tana iya shan ninki biyu na wannan ko fiye. Da can wannan bambanci ba ya damun kowa. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Afrilu na 2024 kuma aka kai kuɗin wutar rukunin farko naira 225 kowane ma'auni. Ga mu dai maƙwabtan matatar man da aka buɗe tun 1980, muna hango bututunta daga ƙofar gida, amma hakan bai taɓa rage mana ko sisi a gidan mai ba. Saboda haka mai shagon da ya zaɓi akwati ya yi lissafinsa daidai, ba mu da ta cewa.

Haka nan ma'aikacin da ya wuni a sakatariya, ya sha cunkoson gada kafin ya ƙetaro kogi ya iso gida. Awa ɗaya gare shi kafin barci ya ɗauke shi, ko kafin a ɗauke wuta. Ba shi da sararin zama yana binciken dalilin da ya sa hoto ke sarƙewa, ko wace manhaja ce ta yi karo da wata. Wanda ya ƙera wasan akwati ya san ainihin na'urar da za a buga shi a kai, iri ɗaya ce daga Tokyo har Kujama, don haka ya gwada ya tabbatar kafin ya fitar. Wanda ya ƙera na kwamfuta kuwa yana harbi ne a duhu, domin kwamfutoci dubu, hali dubu.

To, amma a nan ne maganar ta ɗauki wani salo, kuma a nan muke so a ba mu hankali. Sauƙin nan da ake yabon akwati da shi, an auna shi ne da aljihun mutanen wata ƙasa. PlayStation 5 ya fito a watan Nuwamba na 2020 a kan dala 499. Sabon wasa guda ɗaya dala 70. Idan muka ɗauki dala a naira 1,500, kamar yadda ta kai ta kuma wuce a 2024, akwatin ya tasam ma naira 750,000, wasa ɗaya kuwa naira 105,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashin wata goma cur, bai ci ba bai sha ba, kafin ya kusa mallakar akwatin, sa'an nan ya ƙara na wata ɗaya da rabi kafin ya sami abin da zai sa a ciki. In haka ne, yaya aka yi gidajen gem suka cika unguwanninmu shekara da shekaru?

Amsar kowa a nan ya san ta, ko da ba a faɗa a bainar jama'a. Akwatin da ya yi mana sauƙi, akwatin da aka ɓalle wa kwaɗo ne. PlayStation 2, wanda ya fito a shekarar 2000 aka kuma sayar da fiye da miliyan 160 a duniya, ya zauna da gindinsa a ƙasar nan ne saboda masu gyara sun iya liƙa masa wata 'yar ƙwayar lantarki da ke sa shi karɓar kowane faifai. Daga baya, wajen 2008, aka sami wata manhaja mai suna Free McBoot da ake zubawa a memori, ba sai an kwance akwatin ba, aka kuma sami wadda ke ba shi damar karanta wasanni daga filashi. Watau sai da aka mai da akwatin ɗan ƙaramin kwamfuta kafin ya yi mana amfani. Wanda ya ce shi ba ruwansa da kwaskwarima, sauƙi kawai yake so, wataƙila bai san cewa tun yana ɗan firamare a kan aikin masu kwaskwarima yake wasa ba.

Wajibi ne mu rarrabe abu biyu a nan, domin an saba cuɗa su. Kwafar wasan da wani ya kashe dukiya ya yi, a sayar ba da izninsa ba, wannan satar fasaha ce, ko da talauci ne ya kai mu, kuma mawaƙanmu da 'yan fim na Kano sun fi kowa sanin ɗacinta. Amma mutum ya ɗauki wasan da ya mallaka ya sāke wa 'yan wasa riga, ya ƙara fili, ya juya rubutun zuwa harshensa, wannan aikin hannu ne da na ƙwaƙwalwa. Matsalar ita ce kwaɗon da kamfani ya sa don ya hana na farko, shi ne kuma ya hana na biyu.

Ku dubi wasan ƙwallo, tun da shi ne tuwonmu. Shekara nawa muka yi muna buga Winning Eleven da PES da FIFA? A cikinsu mun ɗauki kofi da Barcelona da Arsenal ba adadi, amma kamfanonin ba su sa mana gasar ƙwallon Nijeriya ba. Babu Kano Pillars, babu Ranchers Bees, babu filin wasa na Ahmadu Bello. Duk inda kuka ga Sai Masu Gida a cikin gem, da rigarsu da sunayen 'yan wasansu, to wani ne ya zauna ya ɗinka da hannunsa, kuma a kan kwamfuta ya ɗinka, ko da daga baya an juye a akwati ko a waya. A ƙasar Barazil akwai wani mai gidan gem, Allan Jefferson, a garin Mogi Mirim na jihar São Paulo, wanda a 2007 ya yi wa Winning Eleven kwaskwarima don abokan cinikinsa, ya sa ƙungiyoyin ƙasarsu da muryoyin masu sharhinsu. Aikin nan, mai suna Bomba Patch, ya bazu ko'ina a Barazil, har ya kai in ɗan wasa ya sauya ƙungiya yau, ba a jimawa an sauya shi a cikin gem. Mutumin nan shagonsa bai fi waɗanda ke bakin titin nan namu ba.

Don a yi adalci, Konami ya ɗan sassauta a PES 2017, inda mai PlayStation 4 ke iya shigo da riguna da tambarin ƙungiyoyi ta filashi, abin da mai Xbox bai samu ba. Amma wannan taga ce aka buɗe, kuma mai gida ne ke riƙe da sakatarta.

Yanzu mu waiwayi tarihin kwamfuta, mu ga abin da buɗaɗɗiyar ƙofa ta haifar. A watan Disamba na 1993 wani ƙaramin kamfani a Amurka, id Software, ya fitar da wasan Doom. Mai tsara injinsa, John Carmack, da gangan ya ware hotuna da taswirori da sautuka a fayil dabam, don duk mai so ya sāke su ba tare da ya taɓa injin ba. A 1997 ma ya saki asirin rubutun injin gaba ɗaya ga duniya. Dubban matasa suka koyi sana'a a kan wannan, wasu daga cikinsu kamfanoni suka ɗauke su aiki saboda taswirar da suka zana a ɗakin kwanansu. A 1999 wani ɗalibin jami'a a Kanada, Minh Le, haifaffen Biyetnam, shi da abokinsa Jess Cliffe, suka yi wa wasan Half-Life kwaskwarima suka fitar da Counter-Strike. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin Valve ya sayi aikin ya kuma ɗauke su. A 2003 wasu suka zana taswira a cikin Warcraft III suka kira ta DotA. Jikanta, Dota 2, a gasarsa ta duniya ta 2021 an raba kyautar dala miliyan 40.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne wannan. A 2012 wani sojan ƙasar New Zealand, Dean Hall, ya yi wa wasan soja mai suna ARMA 2 kwaskwarimar da ya kira DayZ. Wani ɗan Ailan mai ɗaukar hoto da ke zaune a Barazil, Brendan Greene, ya ɗauki wannan ya ƙara masa tasa dabara a 2013: a zuba mutane da yawa a fili ɗaya, fili ya riƙa tsukewa, wanda ya rage shi ya ci. Daga nan PUBG ya fito a 2017. Duk yaron da kuka gani a Mahuta ya duƙufa a kan waya yana buga PUBG ko Free Fire, yana cin gajiyar kwaskwarimar da aka yi wa wata kwaskwarima ne. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka fara a kan akwati, domin akwati ba ya ba mutum wurin da zai sa almakashi.

Kamfanonin akwati kuwa sun sha nuna cewa ko ka biya kuɗinka, kai ɗan haya ne. PlayStation 3 ya fito a 2006 da damar a sa masa tsarin Linux a yi aikin kwamfuta da shi. Har rundunar sojan saman Amurka ta haɗa guda 1,760 ta yi babbar na'urar lissafi da su. Ran 1 ga Afrilu, 2010, Sony ya aiko da sabuntawa ta intanet ya soke wannan dama daga akwatunan da mutane suka riga suka saya suka kai gida. Da wani saurayi, George Hotz, ya wallafa mabuɗin akwatin, sai kamfanin ya maka shi kotu a watan Janairu na 2011, aka sasanta a Afrilu bisa sharaɗin ba zai ƙara ba. Nintendo ya fi zafi. Wani ɗan Kanada, Gary Bowser, da ke cikin ƙungiyar masu sayar da kayan ɓalle Switch, an yanke masa wata 40 a kurkuku a 2022, da biyan dala miliyan 14 da rabi. Ko da kamfanin Bethesda ya kawo kwaskwarima cikin akwati a 2016 da wasan Fallout 4, mai Xbox an ba shi wurin gigabait 2, mai PlayStation ƙasa da ɗaya, kuma an hana shi shigo da sabon hoto ko sabon sauti daga waje. An ba ka allura da zare, an ce kada ka kawo ƙyallen da ba na kantin ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A watan Mayu na 2024, sa'ad da Sony ya ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su buɗe asusun PlayStation, sai duniya ta farga cewa ƙasashe da yankuna fiye da 170 ba su cikin jerin waɗanda aka yarda su buɗe wannan asusu. Nijeriya na cikin waɗanda aka bari a waje, haka Nijar, a Afirka duka Afirka ta Kudu kaɗai aka sa. Kamfanin ya janye sharaɗin bayan an yi masa ca. Amma ku tambayi duk mai PlayStation a unguwar nan adireshin da ya rubuta ranar da ya buɗe asusunsa, za ku ji London ko New York, garuruwan da bai taɓa takawa ba. Ya sayi katin kuɗi na wata ƙasa, ya tara wasanni a kan adireshin aro, alhali Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ya kamata ɗalibanmu na shari'a su lura cewa wannan magana ta iso gida. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta hana keta kariyar fasaha da mai aiki ya sa wa aikinsa, irin tanadin da Amurka ta yi tun 1998. Mai gyaran da ke ɓalle akwati a kasuwa, da mai gidan gem da ke amfani da shi, ya kyautu su san inda suke tsaye.

Kada kuma masu kwamfuta su yi ta murmushi, su ma ba a gidan gado suke zaune ba. A watan Yuni na 2017 kamfanin Take-Two ya aika wa masu manhajar OpenIV, wadda ake yi wa GTA kwaskwarima da ita, takardar su daina, sai da jama'a suka tayar da ƙura kafin a ƙyale su. Blizzard, da ya ga yadda DotA ta kuɓuce masa, ya rubuta a sharuɗɗan sabon Warcraft III na 2020 cewa duk taswirar da wani ya zana a ciki ta kamfani ce. A 2015 Valve da Bethesda suka gwada sayar da kwaskwarimar Skyrim, wanda ya yi aikin kashi 25 cikin ɗari kawai zai samu, aka yi ta rigima har suka janye cikin kwana huɗu. Ga kuma haɗari: a watan Yuni na 2023 aka gano an cusa muguwar manhaja mai satar bayanai a cikin kwaskwarimar Minecraft da dubban mutane ke saukewa. Mu kanmu mun taɓa rasa aikin zango guda na makaranta saboda wani fayil da muka sauke don mu sa motar haya irin tamu a cikin wasa, kwamfutar ta ƙi tashi, aka goge komai. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sa'an nan ƙofar da mai gyara ke shiga, ita ce mai maguɗi ke shiga, shi ya sa wasan gasa ta intanet ya fi tsabta a kan akwati.

Duk da haka, in aka tambaye mu inda muka karkata, ga ɗalibi dai kwamfuta muka zaɓa, kuma dalilinmu ya wuce nishaɗi.

A watan Agusta na 2021 wasan Age of Empires III ya ƙara Hausawa cikin al'ummomin da ake iya ɗauka, da Sarauniya Amina a kan gaba, da mahaya masu lifidi. Crusader Kings III, na wani kamfanin Suwidin, wanda ya fito a 2020, ya sa Daurama ta Daura cikin sarakunan da ake fara wasa da su. Civilization VII na 2025 shi ma ya sa Amina. Abin farin ciki ne, ba shakka. Miliyoyin yara a duniya da ba za su taɓa buɗe littafin tarihin Zazzau ba, a nan za su fara jin sunanta. To, amma wa ya zana ganuwar? Wa ya zaɓi rawanin? Idan sun kuskure sunan sarauta, ko sun ɗora wa Bahaushe tufar da ba tasa ba, wa zai gyara? Mai akwati sai dai ya rubuta wasiƙar koke ya jira. Mai kwamfuta kuwa, a irin Crusader Kings, sunaye da zantuka duk suna cikin fayilolin rubutu ne tsura, waɗanda ake buɗewa da ƙaramar manhajar rubutu da ke kowace kwamfuta. Ɗalibin tarihi da ɗalibin Hausa da ɗalibin kimiyyar kwamfuta, in suka haɗa kai hutu ɗaya, suna iya sa Galadima da Madawaki da Magajiya kowa a mazauninsa.

Batun harshe ma haka yake. Ba mu jira kamfanonin Mumbai sun juya mana finafinansu ba, samarin Kano irin su Algaita suka ɗora musu murya da Hausa, har fassarar ta zama sana'a mai cin gashin kanta, ko da yake ita ma tana da tata matsalar haƙƙin mallaka. A duniyar gem an yi irin wannan. Wasan Mother 3 ya fito da Japananci a 2006, kamfanin bai fassara shi ba, sai masoyansa suka yi aikin shekara biyu suka fitar da shi da Turanci a 2008. In masu Turanci, da duk gatansu, sai da suka yi da kansu, mu wa muke jira? Kamfanin da bai sa ƙasarmu a jerin masu asusu ba, ba shi ne zai zauna yana neman inda zai sa ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ ba.

Mu mutanen kudancin kogin nan mun san wannan darasi ta wata fuska. A Kakuri aka kafa masaƙar Kaduna a 1957, a nan kuma aka fara harhaɗa Peugeot a 1975. Masaƙun sun rufe ɗaya bayan ɗaya, injunansu suka yi tsatsa, dubban ma'aikata suka koma gida. Amma 504 ta daɗe a kan titi bayan an daina yin ta, saboda mota ce da bakanike ke iya buɗewa ya gane cikinta, in kayan gyara ya ɓace a je Panteka a ƙera wani. Mutanen Panteka ba su fara da ƙera sabon abu ba, da kwance na wasu suka fara, suna dubawa suna mayarwa, suna ɓatawa suna gyarawa. Yaron da ya buɗe fayil don ya sāke launin rigar ɗan wasa, ya ɓata, ya sāke gwadawa, a kan wannan hanya yake. Kafin ya ankara ya san yadda ake adana hoto, ya san abin da ke sa manhaja ta faɗi, ya fara karanta rubutun da injin ke karantawa. Yaron da ke kan akwati kuwa, bayan shekara goma, abin da ya ƙaru da shi saurin yatsa ne.

Za a ce kwamfutar wasa ta fi akwati tsada, kuma gaskiya ne in sabbin wasanni ake nufi. Amma koyon kwaskwarima ba ya bukatar wannan. Laftof ɗin gwanjo da ɗalibi ya saya don rubuta kundin digiri ya isa ya ɗauki Doom da Half-Life da GTA San Andreas da tsofaffin PES, kuma batirinsa na riƙe wuta in an ɗauke, abin da akwati da talabijin ba su yi. Akwai wasannin da masu su suka sake su kyauta tare da asirin rubutunsu, irin su Luanti, wanda a da ake kira Minetest, da 0 A.D., da Battle for Wesnoth, waɗanda taɓa su ba laifi ba ne a kowace doka, hasali ma roƙo suke a zo a fassara su. Kayan aikin ma kyauta ne: GIMP na gyaran hoto, Blender na sassaƙa siffa, Godot na gina sabon wasa tun daga tushe.

Shawarar da muka zo da ita ga ƙungiyar ɗalibai ƙarama ce. A zaɓi ɗaya daga cikin wasannin nan na kyauta, a raba fayilolin rubutunsa tsakanin masu sha'awa, a juya shi zuwa Hausa kafin ƙarshen zango mai zuwa. Wahalar farko da za a ci karo da ita ba ta kwamfuta ba ce, ta kalmomi ce. In an ce a ajiye wasa don a ci gaba gobe, adanawa za mu ce ko ajiya? Matakin wasa, zango ne ko hawa? Ran da ɗan wasa ke da shi guda uku, rai za mu kira shi ko dama? Wannan sai an zauna da 'yan sashen Hausa an yi ta ja-in-ja, a rubuta abin da aka amince a littafi guda don kada kowa ya kama gabansa. Wahala ta biyu ita ce haruffa masu ƙugiya, domin ba kowane salon rubutu da ke cikin wasa ne ke nuna su ba, wani sai ya fito da ɗan akwati fanko a madadin ƙ, dole a nemo salon da ke da su a musanya.

Mun ga akwai masu gidajen gem biyu ko uku a bayan zauren nan, kuma mun lura tun ɗazu suna girgiza kai. Malam shugaba, in an buɗe fagen tambayoyi muna roƙon a fara ba su dama, domin su ne suka san nawa ake kashewa a fetur kowace rana.